Injekta: yadda mai yake shiga inji

Injekta ita ce na'urar da ke fesa mai cikin injin da ke ƙona mai a cikinsa, irin na mota da babur da jirgin ruwa. Aikinta shi ne ta ba inji adadin man da yake bukata a daidai lokacin da yake bukatarsa. A injin fetur ita ce ta maye gurbin kafireto. Injin dizal kuwa tun asali da feshi yake aiki, bai taɓa amfani da kafireto ba.

Mai ba ya cin wuta sosai yana ruwa-ruwa. Sai ya tarwatse ya zama mitsi-mitsin ɗigo, ya gauraya da iska, sannan ya ƙone ƙurmus. Giram 1 na fetur yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. In mai ya rinjayi iska, salansa za ta yi ta aman baƙin hayaƙi, mai ya tafi a banza. In iska ce ta rinjaya, inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa ɗaukar zafi. Kafireto yana dogara ne da zuƙar iska wajen jawo mai, shi ya sa awonsa kirdado ne: sanyin safiya ko hawan tsauni kan iya ɓata masa lissafi.

Yadda take aiki

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, injektar zamani ba ita ke tura mai ba. Ƙofa ce kawai. Famfo ne, wanda galibi yake cikin tanki, ke turo fetur ta cikin matata zuwa wani bututun ƙarfe da ke kwance a kan inji, inda injektocin suke jere, kowace silinda, wato ramin da mai ke ƙonewa a ciki, da tata. Man yana tsaye a bututun nan cikin matsi na bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne), wato ya ɗan ɗara iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, yana jiran a buɗe masa.

A cikin injektar, wadda tsawonta bai wuce na yatsa ba, akwai siririyar allura ta ƙarfe da sifirin yake dannewa a kan bakin fita. Kewaye da ita akwai naɗin waya. Da kwamfutar inji ta sako wuta, naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo allurar sama da tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba. Nan take mai ya fito ta ƙananan huji da ke bakin, ya bazu kamar hazo. Ana ɗauke wutar, sifirin ya mayar da allurar mazauninta. Wanda ya ɗora kan sukundireba a jikinta ya kara kunne a ƙotar, zai ji tana ƙas-ƙas-ƙas babu tsayawa.

Tunda matsin man sananne ne, faɗin hujin kuma ba ya canzawa, abin da ya rage wa kwamfuta shi ne lokaci. Da tsawon buɗewa take auna mai. Idan inji yana silo, buɗewar ba ta wuce kashi 2 ko 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. In aka take totur sai ta ninka haka sau da yawa. Ga kuma ƙurewar lokaci: injin da ke juyi 6,000 a minti, kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa kacal yake da shi ya zuƙi iska, ya matse ta, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi.

Kwamfutar ba da ka take yanke hukunci ba. Akwai na'urorin da ke kawo mata rahoton yawan iskar da ta shiga, da matsayin totur, da zafin ruwan inji, da inda fistin yake. Wata kuma tana cikin bututun hayaƙi tana auna iskar oksijin da ta rage bayan ƙonewa, kuma da rahotonta ake ƙara mai ko a rage shi sau da dama a kowace daƙiƙa. Volvo ne ya fara sa irin wannan na'ura, ƙirar kamfanin Bosch, a motocin kasuwa a 1976.

Inda ake fesa man

Wasu tsofaffin motoci injekta ɗaya ko biyu ke gare su, a mazaunin kafireto. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne a fesa man a bayan bawul ɗin shigar iska na kowace silinda. Sai kuma fesawa kai tsaye cikin silinda, wanda Mitsubishi ya shigar kasuwa da yawa a 1996. Wannan yana bukatar famfo na biyu da inji ke juyawa, mai kai matsi bar 200 har zuwa 350. Yana rage shan mai, amma yana da nasa aibin: tunda fetur ba ya bi ta kan bawul ya wanke shi, dauɗa kan taru a can ta daskare. Saboda haka wasu kamfanoni, irin su Toyota, suke haɗa tsarin biyu a inji ɗaya.

A injin dizal

Nan ne aikin injekta ya fi tsanani, domin babu fulogi. Fistin yana matse zallar iska har zafinta ya haura digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. Ke nan lokacin feshi shi ne lokacin tashin wuta. Injin Rudolf Diesel na 1897 da matsattsiyar iska yake hura man ciki. A 1927 Bosch ya fara ƙera famfon dizal da yawa, abin da ya buɗe wa manyan motoci hanya. Tsarin yau, mai bututu ɗaya da ke raba wa dukan injektoci, kamfanin Denso ya sa shi a motocin ɗaukar kaya na Hino a 1995, ya iso ƙananan motoci da Alfa Romeo 156 a 1997. Matsinsa kan wuce bar 2,000. Injektar kan ɗan ɗiga mai kaɗan tukuna kafin babban feshi, domin wuta ta tashi a hankali. Wannan ne ya rage ƙarar ƙwanƙwasa da aka san tsofaffin injunan dizal da ita.

A ɓangaren fetur, feshi ya fara ƙarfi ne a injunan jiragen yaƙin Jamus na shekarun 1930, ya shahara da Mercedes-Benz 300 SL a 1954. Na lantarki da ya yi nasara a kasuwa shi ne D-Jetronic na Bosch, a Volkswagen 1600 ta 1967. Dokokin rage hayaƙi a Amurka da Turai ne suka ƙarasa kafireto a sababbin motoci a farkon shekarun 1990.

Lalacewa

Babban abokin gabar injekta shi ne gurɓataccen mai. Ƙura ko tsatsa kan toshe hujin, ruwa kuma ya cinye allurar. In ta toshe, inji ya riƙa karkarwa yana tsallake wuta. In tana yoyo, mota ta yi wuyar tashi bayan ta yi zafi, ta riƙa warin fetur. Sai dai alamomin nan ba su isa hujja ba, don famfo mai rauni ko mataccen fulogi ma kan kawo su, kuma an sha canza lafiyayyar injekta a kan laifin wani. Ƙwararren makaniki yakan auna matsin mai tukuna, sannan ya ɗora injektocin a na'urar gwaji ya ga siffar feshinsu da yawan abin da kowace ta zubar. Ba a neman yoyon dizal da hannu alhali inji yana aiki, domin man da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata ya shige cikin tsoka, raunin kuma kan bukaci tiyata cikin gaggawa.