Liyafar Turai ta da a cikin aji: me za a sha, me za a ɗanɗana?

Malamin tarihi da ya gama koyar da zamanin tsakiya na Turai, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500, yakan so ya rufe darasin da ƙaramar liyafa. Ga tambayoyin da aka fi yi kafin a shiga kasuwa.

Ba giya suke sha ba? To me za a ba yara?

Gaskiya ne, giyar sha'ir da ta inabi sun yawaita a teburinsu. Amma ba su kaɗai ba ne. Wani littafin kula da gida da aka rubuta a Faris wajen 1393 ya kawo ruwan sha'ir da ake dafawa da ɓaure da saiwa mai zaƙi, a tace a ba marasa lafiya. Akwai kuma madarar almon, wadda ake samu idan an daka ƙwayar an dama da ruwa an tace. Kiristoci sun dogara da ita lokacin azumin kwana 40, sa'ad da aka hana su nono da ƙwai.

Abin shan da ya fi suna a gidajen manya shi ne hifokiras, giya ce da ake zuba wa sukari da kayan ƙamshi bayan an gama cin abinci. Don aji, sai a ɗauki ruwan inabi marar maye, a ɗumama shi da kirfa, citta, kanumfari kaɗan da zuma, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ni wannan na fi so a yi a gaban ɗalibai, domin ƙamshin kaɗai ya isa ya tayar da tambayoyi.

Akwai abin da ya haɗa mu da wannan teburin?

Akwai. Citta mai 'ya'ya, wadda ake nomawa a kurmin Afirka ta Yamma, tana cikin kayan da ake sa wa hifokiras. Fatake ne suke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga nan ta haye teku zuwa Turai, inda suka raɗa mata suna "ƙwayar aljanna". Yaron da ya ga irinta a hannun mai kayan yaji zai fahimci cinikin Sahara fiye da yadda taswira za ta nuna masa. Sukari ma ta hannun Larabawa Turawa suka san shi, kuma saboda tsadarsa ɗan kaɗan ake barbaɗawa, kamar yaji.

Wane kayan zaƙi ne ya fi sauƙi?

Alewar citta ta Ingila ta ƙarni na 15, domin ba ta buƙatar tanda. A tafasa zuma, a sauke, a zuba garin busasshen burodi har ya yi kauri, a sa citta, kirfa da ɗan masoro. A shimfiɗa a faranti, idan ya huce a yanka. Bayan ita, tuffa ko fiyar Turai (ba avocado ba) da aka dafa cikin ruwan zuma da kirfa, sai dabino, ɓaure da zabibi a gefe. Masu girkin Sarkin Ingila Richard na 2 sun tattara girke-girkensu wajen 1390 a littafin Forme of Cury, kuma a ciki akwai sambocade, wani kek na cuku da furen itace. Wannan sai mai tanda da haƙuri.

Me bai kamata ya hau teburin ba?

Cakulan, gyaɗa, abarba da masara, domin duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Shayi da kofi ma ba su yaɗu a Turai ba sai ƙarni na 17.

Da me za a ci?

Da hannu da cokali, cokali mai yatsu bai zama ruwan dare ba tukuna. Faifan burodi mai kauri shi ne faranti. Kafin ranar, a aika wa iyaye takarda a tambaya ko akwai yaron da almon ko alkama ke tayar wa rashin lafiya, a tanadar masa nasa daban.