Wa Zai Tsaya Tsakanin Mai Saye da Mai Sayarwa? Waiwaye Kan Fasaha da Ciniki a Legas

Tun bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, kasuwancin Hausawa a Ikko ya ginu ne a kan mutumin da ke tsakiya. Falken da ya sauko da shanu, ko ya zo sarin goro a Agege, yana sauka ne a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni idan cinikin na bashi ne, sannan ya karɓi la'adarsa. Fatoman ne ya san farashi, ya kuma san wanda ke biya da wanda ke cinye kuɗin mutane. Duk wata sabuwar fasaha da ta shigo kasuwannin Legas daga 2001 zuwa yau, wani yanki na wannan aiki take ƙwacewa, kuma ta wannan fuska ce ya fi dacewa a duba abin da ke tafe.

Abin da aka fara rabawa shi ne sanin farashi. Kafin kamfanonin wayar salula na Econet da MTN su fara aiki a watan Agustan 2001, layukan wayar NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, a ƙasar gaba ɗaya ba su wuce kimanin rabin miliyan ba. Da Glo ya shigo a 2003 da tsarin cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa, sai wayar salula ta fara isa hannun talaka. Daga nan ɗan gwari a kasuwar Mile 12 ya samu damar kiran Kwanar Gafan da ke Kano ya ji kuɗin kwandon tumatir, ko ya kira Aliero da ke Kebbi ya ji na buhun albasa, tun kafin mota ta tashi, shi ma manomi yana iya jin yadda kasuwa ta kwana a Legas. Dillali bai ɓace ba, amma rufin asirin da yake ci a kan jahilcin ɓangarorin biyu ya ragu ƙwarai. Daga baya ne kuma wayoyin Tecno da Itel suka ture sunayen da suka girme su a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, saboda sun zo da gurbin layi biyu, da batiri mai daɗewa, da farashin da ɗan kasuwa zai iya biya.

A 2012 aka kafa Jumia da Konga, masu zuba jari suka ɗauka cewa mutumin Legas zai bar cunkoson Balogun da Alaba ya koma saye a shafin intanet kamar yadda ake yi a Amurka. Abin bai tafi yadda aka zata ba. Jama'a sun ƙi biyan kuɗin abin da ba su taɓa da hannu ba, har kamfanonin suka koma karɓar kuɗi sai kaya sun iso ƙofar gida, tsarin da ya ci musu riba. An sayar da Konga ga kamfanin Zinox a 2018, Jumia kuwa ya rufe sashensa na kai abinci a ƙarshen 2023. Cinikin da ya bunƙasa da gaske a WhatsApp da Instagram ya bunƙasa, domin can ana iya tayawa. Mai shadda a Idi-Araba zai ɗora hoton yadi da safe, mace a Agege ta aiko da saƙon murya tana cewa, "Alhaji, a ɗaga mini shi a rana in ga launinsa," ya ɗauki bidiyo ya tura, a yi ta ja har a yi sallama, sannan a ba yaro ya kai. Abin lura shi ne, kamfanin da ya mallaki manhajar ba shi ne ke lamunce ingancin yadin ba. Sunan Alhajin ne har yanzu yake sayar da kayan.

Sauyin da ya fi girgiza kasuwa ta wajen kuɗi ya zo. Babban Bankin Najeriya ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a watan Janairun 2012, aka ƙaddamar da lambar BVN ta tantance masu asusun banki a 2014, amma shekaru suka yi ta wucewa ƙananan 'yan kasuwa suna riƙe da takardar naira. Sauya fasalin kuɗi da aka sanar a Oktoban 2022 ne ya yi cikin makonni abin da wayar da kai ta kasa yi cikin shekara goma. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, manhajojin manyan bankuna suka riƙa cijewa saboda yawan masu turawa, sai mutane suka yi tururuwa zuwa OPay da PalmPay da Moniepoint, waɗanda kuɗi ke shiga cikinsu nan take. Yau mai shayi a Obalende ya liƙa lambar asusunsa a jikin teburi, mai tsire ba ya naɗe nama sai ya ji ƙarar alat, kuma da yawa sun koyi buɗe manhaja su tabbatar da shigar kuɗin da idonsu saboda masu nuna alat na bogi. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada ga kamfanoni masu tsohon suna: bankunan da suka shekara hamsin suna talla sun rasa abokan hulɗa ga kamfanonin da ba su kai shekara goma ba, don kawai na biyun sun yi aiki a ranar da aka matsu. Ita kuwa eNaira, nairar intanet da gwamnati ta ƙaddamar a Oktoban 2021, ba ta samu karɓuwa ba ko a tsakiyar wannan matsi.

Ba kowa fasahar ta ɗaga ba. Gokada da MAX da ORide sun ɗauki dubban 'yan acaba aiki ta manhaja, amma da gwamnatin jihar ta haramta acaba a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta kuma sabunta haramcin a 2022, sai wasu kamfanonin suka koma kai saƙo, wasu suka rufe wannan sashe, matasan Arewa da yawa kuma suka rasa abin yi.

Manyan kamfanonin kayan masarufi su ma ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsu, ko da yake faɗuwar darajar naira ce babban dalili. A 2023 kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Najeriya, Procter & Gamble ya ce zai daina sarrafa kaya a cikin ƙasar, Unilever kuma ya janye daga kasuwar sabulu da garin wanki. Giɓin da suka bari ƙananan masu sarrafawa ne ke cike shi, kuma waɗannan ba sa sayen allon talla a gefen gadar Third Mainland; suna biyan wani mai mabiya a TikTok ne ya yabi kayan da harshen masu saye.

Abin da ke tafe ya danganta ne da wanda ke riƙe da bayanai. Kamfanin da ya ba ɗan kasuwa na'urar POS ya san cinikinsa na kowace rana, da lokacin da kasuwarsa ke ja baya, fiye da yadda kowane fatoma ya taɓa sani, kuma da wannan yake yanke shawarar ba shi rance ko hana shi. Akwai alheri a ciki, domin mutumin da ba shi da takardar fili yana iya samun jari. Sai dai fatoma idan ya ci amana akwai shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawa da za a kai ƙara gabansu, lissafin kwamfuta kuwa ba ya bayyana dalilinsa. An riga an ga mummunan ɓangaren a manhajojin rance da ke aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke wayar wanda ya makara biya, abin da ya sa hukumar kare masu saye ta FCCPC ta far musu a 2022. An sanya hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, sannan a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai WhatsApp da Instagram, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Ƙirƙirarriyar basira (AI), wadda ta shiga bakin duniya bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, za ta taɓa Hausawan Legas ne ta hanyar murya fiye da rubutu, tunda yawancin cinikinsu da saƙon murya ake yi. Idan manhaja ta iya jin Hausa sosai, wanda bai yi boko ba zai iya tambayarta inda zai samu shinkafa mai sauƙi ko yadda zai tura kuɗi gida, kuma sunan da ta ambata shi zai yi ciniki, yayin da mai shagon da ba ya cikin rajistarta zai zama kamar babu shi. Haɗarin da ya fi kusa shi ne kwaikwayon murya, domin ɗan canjin da ya saba sakin miliyoyi da zarar ya ji muryar maigidansa a waya zai buƙaci wata hanyar tabbatarwa.

Saurin da duk wannan zai yi ya rataya ne a kan wuta da kuɗin data. MTN ya fara 5G a 2022, kuma wayar ƙarƙashin teku ta Google mai suna Equiano ta sauka a Legas a shekarar, amma katsewar wasu wayoyin teku a Maris ɗin 2024 ta tsayar da hada-hadar bankuna da dama, sannan a Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, ƙarin da mai talla a WhatsApp zai biya kafin ya sayar da ko yadi ɗaya.