Dokar hayaƙin kwal ta ƙasar Sin da dabarar sake ƙona gawayi

Dokar da Sin ta kafa wa tashoshin lantarki masu ƙona kwal, mai lamba GB 13223-2011, ta fara aiki a kan sababbin tashoshi ranar 1 ga Janairu 2012, tsofaffin kuma aka ɗaga musu ƙafa zuwa 1 ga Yuli 2014. Abin da ta ce kan iskar naitirojin oksaid shi ne kada ta wuce miligiram 100 a kowace kubik mita ta hayaƙi, sai wasu tsofaffin tukwane, wato manyan murhunan da ake ƙona kwal a ciki, da aka bari a 200. A ƙarshen 2015 gwamnati ta ƙara matsa lamba, ta ce a sauko zuwa 50 kafin 2020 ta ƙare. Wannan iska ce ke tayar wa masu fuka ciwo, tana haddasa hazo mai yaji a ido da ruwan sama mai asid, don haka ban ga tsanani a cikin dokar ba.

Akwai wani sharaɗi da ya burge ni. Ba a karɓar awon yadda ya fito, sai an mayar da lissafinsa bisa hayaƙi mai oksijin kashi 6 cikin ɗari. Wato mai tasha ba zai hura iska a bututu ya tsinka hayaƙin ba, sannan ya ce ya cika ƙa'ida.

Dokar adadi ta yanka, ba ta zaɓa wa kowa hanya ba. Nan ne sake ƙona gawayi ya samu shiga.

Yawancin gubar, wato naitirojin oksaid, daga naitirojin da ke jikin kwal ɗin kansa take fitowa, idan ya haɗu da oksijin cikin wuta. Sai a kasa tukunyar gida uku. A ƙasa a ƙona mafi yawan kwal kamar kullum. Can sama kaɗan a watsa ƙarin makamashi, kimanin kashi 10 zuwa 20, amma a hana shi isasshiyar iska. Idan garin gawayin kwal ne, wato abin da ya rage bayan iskar cikin kwal ta fice, ga abin da ke faruwa: kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka, tana neman oksijin ido rufe, sai ta fizge na jikin gubar, ta sake ta a matsayin naitirojin zalla, irin wanda ya fi yawa a iskar da muke shaƙa. A gida na uku ake sako iska ta cinye sauran. Gawayin kwal mai laushi, irin wanda ake kira lignite, ya fi iya wannan aiki, saboda yawan ramukansa da sinadarin kalsiyam da ke taimaka masa.

Sai dai dabarar takan rage wajen rabin gubar ne, ita kaɗai ba ta kai tasha ga 50. Dole a haɗa da na'urar da ke fesa amoniya cikin hayaƙi, wadda ke iya kawar da kashi 80 zuwa 90. Amfanin gawayin shi ne ya rage wa na'urar nauyi, a kashe amoniya kaɗan. Kuma sai an kula da lokacin da gawayin ke samu ya ƙone: wanda bai ƙone ba cikin toka yake ƙarewa, masu siminti kuwa ba sa sayen tokar da gawayi ya yi mata yawa.