Sharhin 'yan kallo a kan finafinan waje da barkwancin talabijin

Sharhin 'yan kallo shi ne ra'ayin da mai kallo na gama-gari yake bayarwa a kan fim ko shirin talabijin, alhali sharhi ba sana'arsa ba ce, babu kuma jaridar da ta biya shi. Yana iya zama hirar da ake yi bayan an tashi daga kallo, ko wasiƙa zuwa ga edita, ko maki da ɗan rubutu a intanet. Ƙwararre yakan duba aikin kyamara, tsarin labari da matsayin fim a cikin sauran ayyukan darakta. Ɗan kallo kuwa yawanci tambayarsa ɗaya ce: ya ji daɗi ko bai ji ba. Idan fim ɗin na wata ƙasa ne sai lamarin ya ƙara sarƙewa, domin hukuncin da zai yanke ya haɗa da fassarar da ta kawo masa fim ɗin, da kuma iyakar abin da ya sani game da mutanen da suka shirya shi.

Asali

Tun kafin intanet masu sha'awar fim suke da bakin magana. A Faransa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyoyin kallon fim sun yawaita, inda ake nuna fim sannan a zauna a yi ta musu a kansa. Daga irin waɗannan zaman ne François Truffaut da Jean-Luc Godard suka fito, suka koma rubutu a mujallar Cahiers du cinéma da aka kafa a 1951, daga baya suka zama daraktoci. Su ne suka dage cewa Alfred Hitchcock da Howard Hawks, masu aiki a Hollywood, manyan masu fasaha ne, a lokacin da da yawa a Amurka suke ɗaukar su masu nishaɗantarwa kawai. Wato baƙo yakan hango abin da 'yan gida suka raina.

Intanet ce ta mayar da wannan musu lissafi. Col Needham ya fara IMDb, rumbun bayanan finafinai a intanet, a 1990, kamfanin Amazon ya saye shi a 1998, kuma a nan kowa yana iya ba fim maki daga 1 zuwa 10. Rotten Tomatoes, wanda ya fito a 1998, yana ajiye makin ƙwararru daban, na 'yan kallo daban, sau da yawa kuma su biyun sukan yi hannun riga. A Sin akwai Douban tun 2005, sai Letterboxd da aka kafa a New Zealand a 2011.

Fassara

Fim ɗin waje yakan iso ne ta ɗaya daga hanyoyi uku. Jamus, Italiya, Sifaniya da Faransa sun fi ɗora wa jarumai sabuwar murya a harshensu. Holand da ƙasashen Sikandinabiya sun fi barin muryar asali su sa rubutun fassara a ƙasan allo. A talabijin ɗin Poland kuwa mutum ɗaya ne yakan karanto fassarar maganar kowa, mace da namiji, ana jiyo muryar asali ƙasa-ƙasa. Mutum uku da suka kalli fim ɗaya ta waɗannan hanyoyi ba abu ɗaya suka ji ba, amma makinsu wuri ɗaya yake taruwa.

An ga haka a fili a 2021, lokacin da shirin Koriya ta Kudu mai suna Squid Game ya karaɗe duniya. Masu jin Koriyanci sun yi ta ƙorafin cewa fassarar Ingilishi ta zubar da ma'anar wasu kalamai, musamman kalmomin girmamawa da ke nuna matsayin mai magana. Daga baya aka lura cewa rubutun Ingilishi iri biyu ne a kan shirin: ɗaya fassara ce daga Koriyanci, ɗayan kuwa kwafin muryar Ingilishin da aka ɗora ne, wadda aka daidaita da motsin leɓe. Shekara guda kafin nan, a 2020, fim ɗin Parasite na Bong Joon-ho ya zama na farko da ba da Ingilishi aka yi shi ba da ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau.

Barkwanci

A nan ne ra'ayoyi suka fi rarrabuwa. Kuka da tsoro suna tsallaka iyaka cikin sauƙi, amma dariya takan dogara da wasa da kalmomi, da karin harshen wani yanki, da habaici ga wani ɗan siyasa da baƙo bai taɓa jin sunansa ba. Akwai kuma lokaci. Rubutun fassara yakan bayyana gaba ɗaya kafin jarumi ya ƙarasa magana, sai mai karatu ya riga shi kaiwa ga abin dariyar, abin ya yi lami. Ɗan kallon da ya rubuta cewa shirin "ba dariya" yana iya zama gaskiyarsa ya faɗa, sai dai laifin ba lallai na shirin ba ne.

Shi ya sa barkwancin da ya dogara da motsin jiki ya fi tafiya nesa. Mr. Bean na Rowan Atkinson, wanda tashar ITV ta nuna daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 ne kacal, kuma kusan babu magana a cikinsa, amma ƙasashe kaɗan ne bai shiga ba. Mafi ban mamaki shi ne Dinner for One, gajeren wasan Birtaniya da tashar NDR ta Jamus ta naɗa a 1963. Wata tsohuwa ce take bikin cika shekara 90, baƙinta duk sun mutu, sai hadiminta yake kwaikwayon kowannensu, yana shanye abin shansu, yana tuntuɓe da kan fatar damisar da aka shimfiɗa a ƙasa. Jamusawa suna kallonsa da Ingilishinsa a kowane jajiberin sabuwar shekara, a Birtaniya kuwa kusan babu wanda ya san shi. Haka El Chavo del Ocho na Meziko ya samu gida na biyu a Brazil tun 1984, da sunan Chaves, bayan an ɗora masa muryar Fotugis.

Wasu musu biyu ba sa ƙarewa a tsakanin 'yan kallo. Na farko a kan dariyar da ake ji a bayan magana ne, wadda wani injiniyan sauti, Charley Douglass, ya yaɗa a Amurka a shekarun 1950 da na'urarsa ta naɗaɗɗiyar dariya. Wasu na ganin tana ɗebe kewa, wasu na ganin raini ne a nuna musu inda za su yi dariya. Na biyu shi ne wanne ya fi tsakanin asali da kwaikwayo, kamar The Office na BBC da ya fara a 2001 da na Amurka da ya biyo baya a 2005.

Makin da ake tarawa

Maki ra'ayin waɗanda suka ga damar jefa ƙuri'a ne, kuma wanda fim ya burge ƙwarai ko ya ɓata wa rai shi ya fi damuwa ya jefa. Wani lokaci ma akan yi wa fim taron dangi. A 2014 'yan Bangladesh sun yi ta ba fim ɗin Indiya mai suna Gunday maki mafi ƙanƙanta a IMDb, don jin haushin yadda ya nuna yaƙin 'yancinsu na 1971, har ya faɗa ƙasan jeri. A 2019 Rotten Tomatoes ya hana sharhi kafin fim ya fito, sannan ya fara tantance waɗanda suka sayi tikiti. Netflix kuwa a 2017 ya soke makin taurari biyar, ya maye gurbinsa da alamar so ko ƙi.

Duk da haka bakin 'yan kallo yana sayar da fim. Dangal na Aamir Khan, labarin uban da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa, ya shiga sinimomin Sin a 2017, ya samu maki mai yawa a Douban, wanda ya kalla ya gaya wa wani, har kuɗin da ya tara a Sin ya zarce wanda ya tara a Indiya.