Farfaɗiya mai bijire wa magani da rawar da ƙwayoyin gado ke takawa

Ana cewa farfaɗiya ta bijire wa magani idan an ɗora marar lafiya a kan magunguna biyu da suka dace da irin ciwonsa, ya sha su daidai ƙa'ida kuma jikinsa ya ɗauka, amma faɗuwar ba ta tsaya ba. Wannan ita ce ma'anar da ƙungiyar ILAE ta likitocin farfaɗiya na duniya ta tsayar a 2010. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu shan magani suna ci gaba da faɗuwa. Wani ɓangare na dalilin yana cikin ƙwayoyin gado, wato ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyayensa, masu tsara yadda jikinsa ke aiki.

Hanta ce ke narkar da yawancin waɗannan magunguna. Ƙwayar gado CYP2C9 ita ke tsara yadda ake narkar da fenitoyin, CYP2C19 kuma tana da hannu a fenobarbital, wanda a Maraɗi aka fi sani da sunan Gardénal. Mai hantar da ke aiki a hankali, maganin kan taru a jininsa: ya riƙa tangaɗi, idanunsa na rawa, ga barci mai nauyi, har iyaye su tsorata su daina ba shi. Nau'o'in CYP2C9 da aka fi nazarta na Turawa ne, alhali a jinin mutanen Afirka wasu nau'o'i dabam suka fi yawa. Saboda haka ba kowane sakamakon bincike na Turai za a ɗauko a ɗora wa Bamaraɗe ba.

Akwai kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ƙwayar ABCB1 tana samar da wani furotin mai aiki kamar famfo, yana mayar da baƙon sinadari, har da wasu magunguna, cikin jini kafin ya shiga ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka buga a 2003 ya danganta wani nau'inta da ƙin jin magani, aka yi ta ɗoki, sai dai binciken da suka biyo baya ba su zo da magana ɗaya ba.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne a farfaɗiyar jarirai. Ciwon Dravet, wanda likitar Faransa Charlotte Dravet ta fara bayyanawa a 1978, yakan soma kafin yaro ya cika shekara, sau da yawa da doguwar jijjiga lokacin zazzaɓi. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu shi suna da tawaya a ƙwayar SCN1A. Abin mamaki, karbamazefin, wato Tégrétol, da fenitoyin suna iya ƙara tsananta shi maimakon su sassauta. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ke jijjiga yara kowace damina, ba wuya a ɗauki irin wannan yaro a matsayin mai zazzaɓi kawai. Ya kamata a sani cewa a mafi yawan lokuta tawayar SCN1A sabuwa ce, a jikin yaron ta fara, ba daga uwa ba, ba daga uba ba. Zargin da dangin miji kan yi wa uwa cewa daga gidansu ciwon ya fito ba shi da tushe a nan.

Wasu nau'o'in farfaɗiyar kuwa sai yaro ya gaji tawayar daga iyaye biyu, abin da auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa. Misali tawayar ALDH7A1: jariri ya yi ta jijjiga, magungunan farfaɗiya su kasa, bitamin B6 kuma ya tsayar da ita. Haka mai tawayar POLG, balfurowet, wato Dépakine, na iya lalata masa hanta. Mai tawayar SLC2A1 kuwa, wadda galibi ba daga iyaye biyu ake gadonta ba, kuma ke hana sukari isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, shi abinci na musamman mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci ya fi yi masa amfani.

Duk da haka, kafin a ce gado ne, likita kan bincika abubuwan da suka fi kusa. Maganin ya ƙare an kwana biyu ba a saya ba? A hannun masu talla a kasuwa aka saye shi, bayan ya sha rana? Yaro ya ƙara nauyi amma ba a ƙara masa awo ba? An ajiye maganin asibiti an koma turare da rubutu, bisa zaton iska ce? Ga kuma tabon da sanƙarau, ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko doguwar naƙuda suka bari, wanda shi ma kan sa farfaɗiya ta yi taurin kai ba tare da hannun gado ba, kuma jihar Maraɗi na cikin yankin sanƙarau na Sahel.

Gwajin ƙwayoyin gado yana da tsada kuma ba a ko'ina ake yin sa ba, don haka abin da ke hannun likita shi ne tarihin ciwon: shekarun da ya fara, ko zazzaɓi ke tayar da shi, ko akwai mai irinsa a dangi, da kuma wane magani ne aka ba da faɗuwar ta ƙaru. Littafin da uwa ko wani ɗan gida ke rubuta ranakun faɗuwa a ciki, da hoton bidiyo na waya lokacin da ciwon ya tashi, suna taimaka wa likita wajen zaɓen maganin da zai canza.