Auna Amfanin Bincike

Auna amfanin bincike shi ne ƙoƙarin gano abin da aikin mai bincike ya ƙara wa ilimi, da kuma abin da ya tsinana wa jama'a. Ɓangaren farko ya fi sauƙin lissafi, domin ana ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikin. Wani masani mai suna Eugene Garfield ya fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, sannan a 2005 wani masanin, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin "h", mai haɗa yawan maƙalun mutum da yawan ambatonsu. A jami'o'in Najeriya, ciki har da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da aka kafa a 1975, wallafa maƙalu na cikin abin da ake dubawa kafin a ƙara wa malami girma.

Sai dai ƙirgen yana barin abubuwa da yawa a baya. Rumbunan ambato irin su Scopus sun fi tattara mujallun Turanci, don haka nazarin da aka yi da Hausa ko Larabci a kan rubuce-rubucen malaman jihadin Sakkwato da wuya ya shiga lissafi, komai ingancinsa. Sanarwar San Faransisko ta 2012, wadda wasu masana da editocin mujallu suka tsara, ta yi kira da a daina auna darajar bincike da ƙimar mujallar da ya fito ciki.

Amfanin jama'a kuwa ba ya bayyana da wuri. Birtaniya ta ba shi kashi 20 cikin ɗari na maki a tantancewar binciken jami'o'inta ta 2014, ta mayar da shi 25 a 2021. Misali na kusa shi ne cutar da ake kira "noma", mai cin fuskar yara masu fama da rashin abinci mai gina jiki. An buɗe asibitinta a Sakkwato a 1999, aka yi shekaru ana jinya da nazari, sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Amma ainihin amfanin yana ga uwar da ta ga dasashin ɗanta ya kumbura, bakinsa na wari, ta kai shi asibiti tun ciwon bai huda kunci ba.

Haka murhu mai tsimin itace na Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato: abin tambaya shi ne gidaje nawa ke girki da shi bayan shekara guda.