Waiwaye: Yadda Rajistar Firoksi Ta Fice Daga Cikin Kwantena

Tun 1996 da manhajar Squid ta ɓullo daga aikin Harvest, sabar firoksi, wato kwamfutar da ke shiga tsakanin masu amfani da intanet da shafukan da suke buɗewa, ke riƙe da rajista tamkar mai gadin ƙofa. Duk wanda ya buɗe shafi ta cikinta, sai ta rubuta layi guda a fayil ɗin access.log: lokaci, adireshin IP na na'urarsa, inda ya nufa, yawan abin da ya ja, sai TCP_HIT in daga ajiyarta ta ba shi, ko TCP_MISS in sai da ta ɗebo daga waje. Da tsakar dare cron, mai tashin ayyuka a lokacin da aka saita masa, ya tashi manhajar SARG ko Calamaris su haɗa rahoto daga rajistar, manhajar logrotate ta naɗe tsohon fayil ta buɗe sabo. Komai a kwamfuta ɗaya yake, faifai na nan daram.

Zuwan Docker a 2013, manhajar da ke gudanar da kowace manhaja a keɓaɓɓen muhalli da ake kira kwantena, ya sauya lissafin. Kwantena abin wucin gadi ne, a rushe shi a sake ginawa, kuma duk abin da aka rubuta a cikinsa da shi yake tafiya. Wanda ya cusa Squid da SARG da cron wuri guda, ranar da ya sabunta kwantenan sai ya wayi gari rajistar watanni ta bi ruwa. Rajistar da za a nema ke nan ranar binciken kutse.

Da farko an riƙa keɓe wani kwantena da ba ya aikin komai sai riƙon bayanai, sauran su jingina da shi. A Nuwamba 2015 Docker 1.9 ya kawo rumbuna masu suna, wato ma'ajin bayanai da ke zaune a wajen kwantena, aka huta da wannan dabara. Wasu suka bi ƙa'idar gina manhaja ta Twelve-Factor ta 2011, wato manhaja ta zubo rajistarta ta stdout, mafitar rubutunta ta asali, masu tattara rajista irin su Fluentd su kwashe. Nan ma da ƙura: direban json-file na Docker, wanda ke adana abin da aka zubo ta stdout, ba ya naɗe fayil sai an saita masa iyaka, firoksi mai cunkoso kuwa kan cika faifai ba sallama.

A ganina rabon aiki uku ya fi kwanciyar hankali. Firoksi ya rubuta, rumbu ya riƙe, kwantenan rahoto ya karanta kawai ba tare da ikon taɓa ko harafi ba. Saura tsawon ajiya. Ko da tsarin sirranta bayanai na HTTPS ya rufe cikakken adireshin shafi, layin CONNECT da firoksi ke rubutawa a rajista na nuna gidan yanar gizon da mutum ya ziyarta, kuma tun Mayun 2018 dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, GDPR, ta hana riƙe irin wannan bayani fiye da buƙata, don haka ranar gogewa ma tun wajen zanen rumbu ake yanke ta.